Daga Ottawa Zuwa Boston A Sawun Yaron Mardin

Otal ɗin Château Laurier yana tsakiyar Ottawa, babban birnin Kanada, kuma mashigar ruwan Rideau ce kawai ta raba shi da tudun majalisar dokoki. Ba kwana ya kai ni ba, don kuɗin ɗakinsa ba na irinmu ba ne. Ɗan ƙanwata da ke karatu a garin ne ya ja ni can, saboda ya san na daɗe ina sana'ar hoto kafin wayar hannu ta kashe mana kasuwa.

"Kawu, akwai wani tsohon mai hoto da ya zauna a gidan nan," in ji shi. "In ka ga aikinsa sai ka raina naka."

Na ce masa Allah Ya shirye shi, muka shiga.

A wajen ginin akwai mutum-mutumin kan wani dattijo mai sanƙo, wanda Armeniyawa suka bai wa Kanada kyauta a 2017. Sunansa Yousuf Karsh. Situdiyonsa yana hawa na shida na otal ɗin har zuwa 1992, kuma shi da matarsa ta biyu, Estrellita, sun yi shekaru suna zaune a ciki. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar fam biyar ta Ingila, wadda aka fitar a 2016, ya ga aikinsa ko da bai san sunansa ba: Winston Churchill ne ya murtuke fuska kamar wanda aka ci wa bashi aka hana. Hoton da Karsh ya wanke ya sa wa hannu yana rataye a otal ɗin. An taɓa sace shi a ƙarshen 2021 ko farkon 2022, aka maƙala na jabu a gurbinsa, ba wanda ya lura sai a watan Agusta. A 2024 aka gano shi a Genoa ta Italiya, hannun wani lauya da ya saya a gwanjon Landan bai san kayan sata ba ne. Yanzu ya dawo gida, an kuma tsaurara tsaro a kansa.

Yadda aka ɗauki hoton ne ya tsaya mini a rai. Ranar 30 ga Disamba, 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Churchill ya yi jawabi a majalisar Kanada. Firaministan ƙasar, Mackenzie King, ya shirya a ɗauki hotonsa a ɗakin kakakin majalisa ba tare da an sanar da baƙon ba. Da ya tarar da fitilu da kyamara sai ransa ya ɓaci, ya kunna ƙatuwar tabarsa, ya ce hoto ɗaya tak ya yarda. Karsh ya miƙa masa abin zuba toka, ya yi biris. Sai mai hoton ya matso, ya nemi gafara, ya zare tabar daga bakin mutumin da ke jagorantar daular Birtaniya, ya koma bayan kyamararsa ya danna. Shekararsa 33 a lokacin, baƙo ne, ɗan gudun hijira. Na so in ga ɗakin da abin ya faru, amma ginin tsakiya na majalisar a rufe yake tun 2019 ana gyara, sai dai muka tsaya a fili muna kallon injinan ɗaga kaya.

Ni da na san yadda gwiwa take sanyi idan aka kira ka ɗaukar hoton ko da hakimi ne, tambayar da ta dame ni ita ce: wa ya ba yaron nan wannan ƙarfin hali? Neman amsar ne ya sa hutun da na zo yi ya koma tafiya.

An haifi Karsh ranar 23 ga Disamba, 1908, a Mardin, garin gine-ginen dutse da ke manne a gefen tsauni a kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, yana kallon filayen Siriya. A lokacin garin yana ƙarƙashin daular Turkawa ta Usmaniyya. Iyayensa Armeniyawa ne Kiristoci, kuma Larabci suke yi a gida kamar sauran Armeniyawan garin. Yana ɗan shekara shida aka fara abin da ya fara. Ranar 24 ga Afrilu, 1915, aka kame manyan Armeniyawa a Istanbul, daga nan aka shiga kwashe jama'a daga garuruwansu. Maza a karkashe su a bayan gari, mata da yara a kora su a ƙafa zuwa hamadar Siriya, wajen Deir ez-Zor, yunwa da ƙishirwa su ƙarasa aikin. A Mardin kanta an kama babban limamin Katolikan Armeniyawa, Ignatius Maloyan, aka fitar da shi daga garin aka kashe shi a hanya a watan Yuni na wannan shekarar tare da ɗaruruwan maza. Ƙiyasin masana tarihi kan waɗanda suka mutu yana tsakanin 600,000 da miliyan ɗaya da rabi. Majalisar wakilan Kanada ta amince a 2004 cewa kisan ƙare dangi ne, gwamnatin Turkiyya kuwa har yau ba ta yarda da wannan suna ba.

Na san akwai 'yan'uwa da ba sa son jin wannan zance saboda ƙaunar da suke yi wa Turkiyya. To, ƙauna ba ta goge jini. Kuma akwai Musulmin da suka ƙi sa hannu tun a lokacin. Gwamnan Halab (wato Aleppo ta Siriya), Mehmed Celal, ya ƙi bin umarnin korar, aka ɗauke shi daga muƙaminsa. Sharifin Makka, Husaini bin Ali, ya fitar da takarda yana umartar mutanensa su kare Armeniyawan da suka faɗo hannunsu. Akwai gidajen Larabawa da na Kurdawa da suka ɓoye yara. In ana neman wanda za a yi alfahari da shi, ga su nan.

Karsh ya ba da labarin yarintarsa da kansa. Yakan kai abinci kurkuku wa 'yan'uwan iyayensa biyu, daga baya aka jefa su rijiya. 'Yar'uwarsa ta mutu da zazzaɓin da ya biyo bayan yunwa. Cikin wannan ƙunci mahaifiyarsa, Bahiyah, ta ɗauko wata yarinya da aka lalata wa idanu ta ajiye ta a gida, ana raba ɗan abin da aka samu da ita, tana koya mata ta yi aiki da hannuwanta. Wata rana yara suka jejjefe shi da duwatsu ya dawo gida da rauni. Uwar ta gaya masa cewa ba su san abin da suke yi ba, kuma in har ya zama dole ya rama, to ya tabbata ya kuskure. Ita ce malamarsa ta farko. Ba ta ce kada ya yi fushi ba, ba ta ce kada ya ɗauki dutsen ba. Hannun kawai ta kama.

A 1922 aka bar iyalin suka fita, ba kaya, sai rayukansu. Tafiyar da jirgin ƙasa zai yi a kwana biyu ta ɗauke su kusan wata guda cikin ayarin Kurdawa da Larabawan ƙauye kafin su isa Halab. A hanya aka kama yaron yana zana tarin ƙasusuwan mutane da ya gani, sai da uban ya ba da kuɗin azurfarsa na ƙarshe aka sake shi. Bayan sun ɗan zauna a Halab iyayen suka tattara abin da suke da shi suka sa shi a jirgin ruwa daga Beirut, shi kaɗai, zuwa wurin ɗan'uwan mahaifiyarsa a Kanada.

Wurin wannan kawun muka nufa. Ɗan ƙanwata ya yi hayar mota, muka bi ta Montreal, muka miƙe gabas kamar kilomita 150 zuwa Sherbrooke. Lokacin kaka ne a can, ganyayen itatuwa sun rine ja da rawaya, sanyi kuma ya fara cizo. Sherbrooke ba babban gari ba ne. Yana inda kogin Magog ya faɗa cikin kogin Saint-François, akwai tsofaffin gine-ginen jan bulo na zamanin masana'antu, kuma Faransanci ake yi a shago da kan titi. Da ɗan abin da na tsinta a zuwa Maraɗi da Damagaram na sayi shayi da burodi, mai shagon tana murmushi tana gyara mini.

A garin nan George Nakash yake da shagon hoto. Shi ya je har tashar jiragen ruwa ta Halifax a jajibirin sabuwar shekara ya tarbi ɗan 'yar'uwarsa, yaron da ba Turanci, Faransanci kaɗan, ba sisi. Burin yaron ya zama likita. Kawun ya sa shi a makaranta, bai daɗe ba ya koma shago yana taya aiki, sannan ya ba shi ƙaramar kyamarar akwati ta Brownie. Da ita yake yawo a gonaki da dazuzzukan bayan gari ranar hutu. Ya ɗauki wani hoto na fili da yara suna wasa ya bai wa abokinsa kyauta, abokin ya kai shi gasa a ɓoye, hoton ya zo na ɗaya, ladan dala 50. Ya ba abokin 10, ya aika wa iyayensa 40 a Halab.

Har nan, kawu ya yi abin da kowane kawun kirki zai yi. Abin da ya biyo baya ne ba kowa ke iyawa ba. Nakash ya ga yaron yana da ido, ya kuma san iyakar abin da shi kansa zai iya koya masa. Maimakon ya riƙe shi, ga hannu mai aiki ba albashi, ga jini ɗaya, sai ya nema masa gurbi a wurin wanda ya fi shi, a wata ƙasa, ya tura shi Boston a 1928. Mu da muka tashi a shago mun san irin maigidan da zai riƙe yaro har gemu ya fito masa, yana shara yana aike, in an zo haɗa ruwan wankin hoto a ce ya je ya sayo goro. A wurin irin wannan maigida yaye yaro asara ce. Nakash ya yaye nasa tun bai gama morarsa ba, ya kuma miƙa shi ga wanda zai sa ya wuce shi.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata haka muna zaune a bakin kogin. Ya ce, "To Kawu, ai kai ma ka sa baki aka turo ni nan." Na ce ni ban yi asarar komai ba, ba shagona yake tsaro ba.

Ba duk yaran da suka tsira ne suka sami kawu ba. A 1923 aka fara kawo marayun Armeniyawa wata gona a Georgetown ta lardin Ontario, su 50 a rukunin farko, aka koya musu noma aka rarraba su gidajen manoma. An cece su, ba shakka. Amma wanda aka zaɓa wa sana'a a jimlace daban yake da wanda wani ya zauna ya kalle shi shi kaɗai, ya gane inda hannunsa ya karkata.

Daga Sherbrooke muka gangara kudu, muka tsallaka iyaka a Stanstead zuwa jihar Vermont ta Amurka, bayan tambayoyin da mai koren fasfo ya saba sha. Muka ratsa duwatsun New Hampshire, muka shiga Boston da dare.

Titin Boylston yana bin gefen lambun jama'a na birnin ya wuce ta gaban babban ɗakin karatu. A kan titin nan John Garo yake da situdiyo. Shi ma Ba'armeniye ne, mutumin Kharpert, wanda ya zo Amurka tun kafin kisan 1915, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu hoton birnin, har Calvin Coolidge, wanda ya shugabanci Amurka, ya zauna gaban kyamararsa. An shirya Karsh zai yi wata shida a wurinsa. Shekara uku ya yi.

Garo da hasken rana kawai yake aiki, ba ya kunna fitila. Wanda bai yi sana'ar ba ba zai gane nauyin wannan ba. Hasken taga ba ya jiran kowa. Na safe daban, na azahar daban, gajimare ɗaya ya gifta komai ya canza. Dole ka riga ka san abin da kake nema a fuskar mutum, ka shirya, ka jira, in ya zo ka kama shi. Ya koya wa yaron hanyoyin wankin hoto masu wahala, irin waɗanda takarda guda za ta ci kwanaki. Ya tura shi ajin zane na dare, ya kuma ce ya je gidan adana zane-zane ya tsaya gaban aikin Rembrandt da Velázquez ya ga inda suke ajiye haske da inda suke barin duhu. Karsh bai zama mai zane ba, amma ya ce a nan ya koyi gani, ya kuma koyi riƙe abin da ya gani.

Mun je gidan, wanda ke kan titin Huntington. Akwai wani ɗan ƙaramin zane na Rembrandt da na daɗe a gabansa. Mai zane ne a ɗakinsa, ya ja da baya can nesa da allon aikinsa, buroshi a hannu, yana kallo kawai. Allon ya fi shi girma a ido, mu kuma bayansa muke gani. Ɗan ƙanwata ya gaji ya tafi neman kofi. Ni kuwa na ga dalilin da ya sa a hotunan Karsh rabin fuska takan nutse cikin inuwa, hannuwa kuma su sami nasu hasken daban kamar su ma fuska ce.

Amma a ganina babbar makarantar Garo ba da rana take ci ba. Da yake ba ya aiki da fitila, da la'asar ta yi, wajen ƙarfe huɗu, aiki ya ƙare. Sai situdiyon ya koma majalisa. Marubuta, mawaƙa, 'yan wasan kwaikwayo, masu zane, manyan gari, su taru ana hira ana musu. Zamanin da aka haramta giya ne a Amurka, daga 1920 zuwa 1933, ana shigo da ita a ɓoye cikin gwangwanayen fenti, kuma yaron shago shi ke zubawa yana miƙawa. Giyar ba abin yabo ba ce a wurina. Abin da nake kallo shi ne inda yaron yake tsaye. Ga wanda ya taso a garin da ganin babban mutum yana nufin a ɓuya, wanda ya ga abin da masu iko suke yi wa marasa iko, yau ga shi kullum a tsakiyar manya, yana jin yadda suke magana, yana ganin wanda ke son a yabe shi, da wanda kunya ke damu, da wanda girman kansa rufin tsoro ne. Shekara uku yana wannan karatu. Wanda ya yi shi ba zai ƙara ganin babban mutum a matsayin dodo ba. Zai gan shi a matsayin baƙon da ya zo zama, wanda ake iya lallashi, ake iya tsokana, in ta kama a zare masa taba daga baki. Garo bai zaunar da shi ya yi masa wa'azi kan tsoro ba, tire ya miƙa masa.

Ya kuma hana shi kwaikwayonsa, kuma yaron ya ji maganar. Da ya koma Kanada ya buɗe nasa situdiyon a titin Sparks na Ottawa a farkon shekarun 1930, sai ya rungumi abin da maigidansa ya ƙi, wato fitila. Solange Gauthier, wadda ya aura a 1939, ita ta shigar da shi ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Ottawa Little Theatre, inda ya ga yadda ake sarrafa fitilun dandali a ƙirƙiri safiya ko dare a duk lokacin da aka ga dama. A can ya haɗu da ɗan Lord Bessborough, Gwamna Janar na Kanada a lokacin, ɗan kuma ya shawo kan iyayensa suka zauna wa Karsh ya ɗauke su hoto. Zaman farko ya lalace saboda rawar jiki, suka sake ba shi dama, na biyu ya yi kyau. Daga nan ƙofar manya ta buɗe.

Washegari muka shiga bas zuwa Watertown, wani gari a gefen Boston inda Armeniyawa suka yi kaka-gida tun da daɗewa. A titin Mount Auburn akwai shagunansu, ƙamshin gurasa da kayan yaji har waje. Suna yin wata siririyar gurasa mai niƙaƙƙen nama a kai, lahmajun. Ni dai na tsaya kan mai ganye da man zaitun, na haɗa da baklawa. Gidan tarihin Armeniyawan Amurka yana kan babban titin garin, kuma akwai sashen hotunan Karsh da Estrellita ta ba su. A wani ɓangaren kuma ga kayan da masu gudu suka iya ɗaukowa: dardumai, littattafan addini, tufafin aure, da bayanan abin da ya faru a 1915.

Karsh ya yi zaman ɗaukar hoto sama da 15,000 kafin ya rufe situdiyo. Einstein a 1948, Martin Luther King a 1962, Muhammad Ali a 1970, Fidel Castro a 1971, Nelson Mandela a 1990. Ɗan ƙanwata ya zagaya ɗakin ya dawo ya ce, "Kawu, wannan mutumin kowa ya ɗauka sai ya fito kamar waliyyi."

Yana da gaskiya, kuma masu suka sun daɗe suna faɗin haka. Karsh yana ƙawata manya, yana neman abin girmamawa a fuskar da wani zai nemi abin tuhuma. A cikin waɗanda ya ɗauka akwai masu jini a hannu, kuma hoton ba ya nunawa. Wannan naƙasa ce ta gaske ga wanda ya san abin da mulki yake iya yi fiye da yawancin masu sukarsa. Sai dai ina ganin daga ina abin ya fito. Yaron da aka kama yana zana ƙasusuwa a hanyar Halab yana iya ƙare rayuwarsa yana zana su, ba wanda zai ga laifinsa. Mutanen da suka riƙe shi, uwa da kawu da maigida, kowanne ya juya masa fuska zuwa wani wajen, shi kuma ya bi har ya zarce.

Garo ya rasu a 1939, shekara biyu kafin hoton Churchill, bai ga inda yaronsa ya kai ba. Yau in ba don Karsh ya riƙa ambatonsa a duk inda ya ba da labarin kansa ba, da ƙalilan ne za su san sunan. Karsh ya koma Boston da zama a 1997, ya rasu a can ranar 13 ga Yuli, 2002, aka kai shi Ottawa aka binne. Kafin nan shi ma ya yi yara. A 1937 ya ɗauko ƙanensa Malak, wanda aka haifa a Mardin a shekarar kisan kanta, ya koya masa sana'ar a situdiyonsa, Malak ya ware ya kama hoton ƙasa da gari, har hotonsa na gumagumai a kogin Ottawa ya hau bayan takardar dala ɗaya ta Kanada. Wani saurayi Ba'amurke, Herman Leonard, ya zo ya yi masa shekara guda a ƙarshen shekarun 1940, ya koma New York da abin da ya koya game da fitila da inuwa, ya shiga gidajen rawa masu hayaƙi yana ɗaukar baƙaƙen makaɗan jazz.